Igiyar Iska Ba a Ɗaure Ta

Ya ja fa, jama'a. Labulen ya ja jirgi. Ku da kuke ta turo min saƙo tun makon jiya kuna tambaya ko buhun taki ya kai mu ko ya kifar da mu, ga ni na dawo da raina. Na yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, sauro ya yi min zane a ƙafa, amma bakina cike yake da labari. Ku gyara zama, don ba zan iya taƙaita shi ba.

Ga wanda bai san farkon zancen ba, ni tela ne a nan Hadejia, kuma ban taɓa ganin teku da idona ba. A waya na fara ganin jiragen ruwa waɗanda ba inji ba gora, ƙyalle kawai ake ɗaga musu, iska ta yi ta kai su daga wannan tsibiri zuwa wancan, mutanen ciki su sauka a tsofaffin garuruwan bakin ruwa su ci abinci su wuce. Abin ya shiga raina. Na ce to ai mu ma in ruwa ya cika muna da tsibirai, muna da tsofaffin garuruwa, iska kuma ba a kasuwa ake sayo ta ba. Na samo buhunan taki guda takwas, na wanke, na farke, na haɗa su a kan kekena da zaren ɗinkin tampol. Allurar da na karya ta fi goma. Ɗan kawuna, wanda taubashina ne kuma bai taɓa bari na sha ruwa da daɗi ba, yana gani ya ce wannan ai labulen banɗaki ne. Sunan ya bi shi. Ni kaina yanzu labule nake ce masa.

Jirgin kuwa na Kawu ne, yayan mahaifiyata. Tun kafin a haife ni yake kan ruwan nan, kamun kifi da fito da dakon shinkafa. Shekara uku ke nan da hawan jini ya kayar da shi, ya tashi hannun hagu ya mutu, ƙafar ma sai ya ja ta. Gora kuwa hannu biyu take so. Tun daga nan aka kife jirgin a ƙarƙashin wata darbejiya a bakin kogi, kullum da la'asar sai ya lallaɓa ya je ya zauna kusa da shi. Ɗansa, taubashin nan nawa, wanda a injin casar shinkafa yake aiki kuma ba ruwansa da harkar ruwa, ya ce rana tana tsaga katakon a banza, kuma yana tsoron wata rana Baba ya tura jirgin shi kaɗai a nemo shi a rasa. Sai ya samo mai saye, wani manomin shinkafa a wani tsohon gari can ƙasar Kirikasamma. Da aka gaya wa Kawu, “To” kawai ya ce.

A bayan a-kori-kura aka so a kai shi. Ni na yi ta magiya a bar ni na kai shi ta ruwa, na gwada labulena ko sau ɗaya ne. Abin mamaki sai Kawu ya goyi bayana, ya ce jirgin da ya ciyar da gida ba a ɗaure shi a bayan mota kamar akuyar kasuwa, kuma shi ma zai raka shi. Mahaifiyata ba ta yarda ba sai da muka aro rigunan ruwa uku, muka ɗaure jarkoki marasa komai a gefe da gefe. Ku riƙe wannan: tafiyar ban kwana ce. Shirin shi ne mu miƙa jirgi mu dawo a mota.

Mun tashi da asuba, ana idar da salla. Kogin ya cika maƙil, ja-ja-ja da shi, yana tafe da ciyayi da karan dawa. Taubashin nawa ya tsaya a gaba da gora yana mita, wai shi da ya bar aikin inji ya zo yana yi wa injiniyan buhu leburanci. Ni na zauna a baya da filafili, katakon tuƙi, ina juya kan jirgi. Kawu muka shimfiɗa wa tabarma a tsakiya, tsakanin jarkar ruwan sha da buhun gari, muka jingina masa matashi. A ganina gata muka yi masa.

Sai da muka bar gari a baya, rana ta ɗan ɗaga, sannan na ji iska a ƙeyata. Daga yamma take zuwa, mu kuma gabas muka nufa. Muka kafa sandar itacen turare a ramin da kafinta ya huda mana a benci, na ja igiya, labule ya hau. Da farko faf-faf-faf kawai yake yi kamar shanya, taubashina har ya fara dariya. Can sai ya yi ciki, ya cika tim, igiyar ta ja hannuna, na ji jirgin ya zabura. Wallahi ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba wanda yake nishi, sai sautin ruwa a gefen katako kamar ana yaga sabon yadi a hankali. Taubashina ya ajiye gora ya zauna, ya ce to, ashe banɗakin yana tafiya.

In kuna wucewa ta gada a mota ba za ku san girman ruwan nan ba. Kogin ya bar hanyarsa ya malale, gabas da yamma, har sai ido ya gaji. Gorubobi tsaye cikin ruwa har wuya. Wani wuri kawunan dawa kaɗai ake gani sun leƙo, ka san gonar wani ce a ƙarƙashinka, sai jikinka ya yi sanyi. Wani wuri kuma shinkafa ce kore shar tana bin ruwan tana tsawo. Balbela ta cika bishiyoyi kamar an shanya fararen huluna, ga kirinjijiya, agwagin ruwan nan, suna tashi garke-garke suna fito. Mun wuce masunta da suka kwanta a kan manyan ƙorai suna iyo da hannu da ƙafa, kowa da komarsa.

Kuma kowa sai ya tsaya ya kalle mu. A nan ne na fara kuskure ban sani ba. A kan ruwa akwai al'ada: in jirgi biyu suka haɗu, wanda yake zaune a baya shi ake gaisarwa, don shi ne mai jirgi. Sauran duk kaya ne ko fasinja. Duk wanda muka wuce sai ya ɗaga hannu ya ce min sannu da tuƙi, mai jirgi. Ni kuwa kai ya kumbura, ina amsawa da ƙarfi, ina bayanin buhu nawa na haɗa. Wasu ma tsaran Kawu ne, amma hula ya ja ya rufe rabin fuska, ba su gane shi ba, shi ma bai ɗago ba.

Da azahar muka tsaya a wani tudu da ruwa ya zagaye. Kawu tumbu yake ce wa irinsa, mu tsibiri muke cewa. Bukkoki ne ba su fi ashirin ba, masunta ne da iyalansu suke zama har ruwa ya janye. Ƙamshin banda tun daga nesa ya tare mu. Mata sun jera tarwaɗa a kan waya, an lanƙwasa kowace ta ciji jelarta, hayaƙi yana bi ta ƙasa. Kifin da a kasuwar Hadejia sai ka yi ciniki har maƙogwaro ya bushe, a nan in ka tambayi kuɗinsa dariya za a yi maka. Amma sukari da gishiri da ashana, ka ji tsada sai ka ce daga Makka aka kawo su. Da suka ji ni tela ne, ai sai aka fito min da gidajen sauro, kowanne da ƙofofin da ba a yi shi da su ba. Na zauna da allura da zare na yi ta toshewa. Ladan da na samu shi ne tuwon shinkafa da romon karfasa, da wani dambun bado da wata tsohuwa ta ce sai na ɗanɗana. Ban taɓa cin ƙwayar bado, tsiron nan mai fure a kan ruwa, ba sai ranar. Yana da ɗan ƙamshin ƙasa, amma da mai da yaji ya wuce da kyau.

Muna shirin tashi wani mai fito ya kawo jirginsa kusa da namu. Ya gaishe ni, ya yaba labule, sannan ya nuna tsakiyar jirgi da haɓa, ya sassauta murya ya ce, “Tsohon asibiti za a kai shi?”

Kawu ya ji. Na ga hannunsa mai lafiya ya damƙe gefen jirgi, sannan ya saki. Taubashina ya ce a'a, ziyara za mu, ya tura gora da sauri. Muka ci gaba har muka isa ƙauyen da muka kwana. Na gaya wa kaina ai hannu ɗaya ba ya tuƙi, ba laifina ba ne. Abincin da aka kawo mana, Kawu loma biyu ya yi ya ture kwanon.

Washegari muka shiga kachalla. Wanda bai san ta ba, wata doguwar ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, ta cinye hanyoyin ruwa a yankin nan, in ka shiga ba ka ganin komai sai sama. Iska ba ta shiga, don haka labule ya kwanta, gora ta dawo aiki, mita ma ta dawo. Na ciro waya na buɗe taswira da gadara, sai ta nuna min wai muna tsakiyar gonar wani, kusa da hanyar shanu. Ashe hoton na rani ne. Muka zo inda hanya ta rabu uku, duk iri ɗaya. Taubashina ya ce injiniya, sai ka tambayi wayar taka ko ta san limamin garin. Kawu ya tsinko ganye ɗaya ya jefa a ruwa, ya bi shi da ido, sannan ya nuna ta dama da leɓe. Haka ya yi ta yi mana, mararraba bayan mararraba, har muka ɓullo.

Inda muka ɓullo wani fili ne na ruwa, faɗinsa ban ga ƙarshensa ba, sai tumbuna nan da can kamar an watsa ƙosai a mai. Iska kuwa ga ta nan sosai. Na ɗaga labule, jirgi ya kama gudu irin wanda bai yi jiya ba. Sai shaiɗan ya raɗa min cewa ya kamata mabiyana su ga wannan. Hannu ɗaya filafili, hannu ɗaya igiya, da me zan riƙe waya? Na miƙa na ɗaure igiyar a bencin tsakiya, na yi mata ƙulli biyu irin na tela, wanda ba ya kwancewa. Na ga Kawu ya dubi ƙullin, ya dube ni, ya buɗe baki. Ban jira ba, na riga na fara magana da waya.

Ban ga zuwanta ba. Wata iska ce ta bugo daga gefe, labule ya cika ya ƙi saki, jirgi ya kwanta. Ruwa ya fara kwararowa ta gefen hagu kamar an buɗe famfo. Taubashina ya faɗi a kan jarkoki yana salati, tukunyarmu ta bi ruwa da sauran dambu a ciki, ni na saki filafili na rarumi ƙullin ina ja, ya ƙara ɗamewa. Sai na ga hannun Kawu ya wuce ta gaban fuskata da 'yar wuƙarsa ta gyaran kifi. Sara ɗaya. Igiya ta tsinke, labule ya tashi yana faf-faf, jirgi ya dawo ya zauna.

Ruwa har idon sawu a cikin jirgi. Takalmin taubashina ƙafa ɗaya yana can yana tafiya Nguru shi kaɗai. Muka kama kwarfar ruwa da yankakkiyar jarka. Ina jira a zage ni, kuma da an zage ni da na ji sauƙi. Kawu ya goge wuƙar a cinyarsa ya mayar kube, sannan ya yi magana a hankali, yadda bakinsa yake ba shi dama tun ciwon.

“Tela, igiyar iska ba a ɗaure ta. Riƙe ta ake yi. In ta fi ƙarfinka ka sakar mata.”

Na ce, “Kawu, a ina ka san wannan?”

“A Chadi. Da buhun gero muka yi namu, uwarka tana goye.”

Jama'a, kunya ta kama ni har ƙafa. Wata shida ina zuwa ina zama kusa da mutumin nan ina nuna masa bidiyo, ina yi masa bayanin yadda iska take tura ƙyalle, yana gyaɗa kai. Ban taɓa tambayarsa ko ya taɓa gani ba. Ashe yana saurayi ya yi shekaru yana su a tafkin Chadi, can wajen dangin kakarmu, kuma da labule suke ratsa tumbuna. Na tsamo filafili, Allah ya sa na ɗaura masa igiya bai tafi ba, na tashi daga baya na ce Kawu ya dawo nan. Ɗansa ya ce a'a, Baba da hannu ɗaya, yanzu fa muka tsira. Kawu bai kula shi ba. Ya ce mu kama shi. Muka ja shi a hankali, jirgi yana tangaɗi, har ya zauna a wurinsa.

Ku ji yadda ya yi. Ya soke kan filafilin a hammatarsa ta dama, ya kama tsakiyarsa da hannun. Ya sa na ƙulla igiyar da ya yanke, na zagaya da ita sau ɗaya a benci ba tare da ƙulli ba, na miƙo masa bakin. Sai ya cire takalmi ya maƙale ta tsakanin babban yatsan ƙafarsa da na kusa da shi. In iska ta yi ƙarfi ya ɗaga yatsa, igiya ta sulale, labule ya huce. In ta lafa ya take ya jawo da diddige. Ni da nake cin abinci da ƙafa a kan keke, ban taɓa tunanin ƙafa za ta yi wannan ba. Ya sa muka sauke labulen ƙasa kaɗan, ya ce na yi masa tsawo kamar rigar angon ƙauye. Ya sa ɗansa ya koma ɓangaren da iska take bugowa ya zauna a nan. Jirgin da yake ta rawa a hannuna tun jiya sai ya nutsu, ya miƙe, kamar doki ya ji mai shi ya hau.

Ba mu yi nisa ba muka haɗu da wani jirgi ɗauke da itace. Dattijon da yake baya ya ɗaga hannu zai yi gaisuwa, sai ya tsaya, ya kare ido da tafin hannu. Ya ce, “Kai, wa nake gani? Sannu da tuƙi, mai jirgi. Aka ce ka ajiye.” Kawu ya tura hularsa baya, ya ce ana dai faɗa. Suka yi ta gaisawa da tambayar mutanen da rabinsu sun rasu, har muryoyinsu suka daina kaiwa. Na juya na ga taubashina ya ba mu baya, wai yana neman takalminsa a ruwa.

Daga nan bakin Kawu ya buɗe. Kowane ruwa ashe da sunansa. Nan gonar wane ce, nan ne ramin da kifin gaiwa yake kwana da rani, can gindin tsamiyar nan kasuwa ce da can kafin ruwa ya canza hanya. Ya nuna mana yadda fuskar ruwa take yin duhu in iska tana tahowa, tun kafin ta iso. Da na san wannan da safe, da tukunyarmu tana nan.

La'asar sakaliya muka hango garin. Daga ruwa kukoki ake fara gani, manya-manya, sai hasumiyar masallaci, sai ragowar ganuwa da ta zama tudu awaki suna hawa. Mashigin cike yake da jirage da mata masu wanki da buhunan kifi ana lodi. Da ni ne da sai na daki jirgi uku kafin na tsaya. Kawu ya saki igiya tun daga nesa, ya bar jirgin ya tafi da sauran ƙarfinsa, ya murɗa filafili kaɗan, muka shige tsakanin jirage biyu muka taɓa ƙasa a hankali kamar an ajiye ƙwai.

Mai sayen yana tsaye a wurin, taubashina ya kira shi tun muna hanya. Dattijo ne kakkaura, wandonsa a naɗe, ƙafa duk laka. Aka gaisa, aka tambayi hanya, ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa katako. Na matsa kusa da Kawu na raɗa masa ko za mu ce a ba mu lokaci. Ya ce magana ta riga ta fita, shi bai taɓa cewa “to” ya dawo ya ce “a'a” ba. A wajen mutanen ruwa, in an sayar da jirgi filafili ake miƙawa, shi ne shaidar ya bar hannunka. Kawu ya sa muka tashe shi tsaye. Ya zare filafilin daga hammata, ya shafa shi sau ɗaya, ya miƙa.

Mutumin bai karɓa ba. Ya mayar da hannuwansa baya ya harɗe.

“Malam, ni an ce min mai jirgin ya ajiye tuƙi, shi ya sa na taya. Wanda na ga ya shigo mashigin nan yanzu bai ajiye ba. In na karɓi wannan, me zan gaya wa mutanen da suke kallo?”

Kawu ya ce alkawari alkawari ne. Mutumin ya ce shi ya warware, ba Kawu ba, kuma shi dama ba katako yake nema ba, abin da zai kwaso masa shinkafa daga fadama yake nema in an yi yanka. In mai jirgi zai zo da jirginsa da wannan buhun nasa, to sun gama magana. Duk aka juya ana kallon taubashina, don an san shi ya haɗa cinikin. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa marar takalmi. Can ya ce shi sharaɗinsa biyu: Baba ba zai hau ruwa ba rigar ruwa ba, kuma ba zai hau shi kaɗai ba, ko da wannan mahaukacin telan ne a tafi da shi. Kawu ya mayar da filafili hammata. Bai yi godiya da baki ba, amma burabuskon da aka kawo mana daga gidan mutumin, da miyar kuka da man shanu, sai da ya nemi ƙari.

Sai ga matsala: mun shirya komawa a mota, yanzu ga jirgi. Komawa kuwa gaba da ruwa ne, iskar da ta kawo mu kuma ba za ta mayar da mu ba. Kawu ya dubi sama ya ce mu jira, damina tana ban kwana, iskar gabas tana hanya. Kwana biyu muka yi a garin. Na zaga tsofaffin unguwanni, na ga rijiyoyin marina da aka daina amfani da su sai guda biyu, wani tsoho yana rini shi kaɗai, hannunsa shuɗi har gwiwa. Na ga ƙofar gari da ba ta da gini sai suna, amma har yau in za a kwatanta maka gida da ita ake farawa. Hausarsu da ɗan gishirin Barebari a ciki, mai unguwa ma Bulama suke ce masa. Na rage wa labule tsawo a shagon wani tela da ya ba ni aron keke, ya ƙi karɓar komai, sai dai ya ce na zana masa yadda na yanka. Taubashina ya sayi silifas, ya ce ni zan biya a lahira.

Rana ta uku da hantsi ganyen kuka ya juya, iskar gabas ta iso. Muka tashi. Ba zan yi muku ƙarya ba, dawowar ta fi wuya. Iskar takan zo ta ɗauke, in ta ɗauke sai gora, kuma wannan karon Kawu ya ce tela ma ya koya. Tafin hannuna har yanzu bai warke ba, almakashi da ƙyar nake riƙewa. Kwana uku muka yi a hanya. Mun sake tsayawa a tumbun masu banda, kuma da mai fiton nan ya gan mu, baya ya duba ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Kawu ya amsa, sannan ya ce masa an sallamo shi daga asibitin.

Mun iso Hadejia ranar Alhamis bayan azahar. Mahaifiyata tana tasha a zuciyarta, don mota take jira, sai aka je aka ce mata ga yayanta can ya shigo ta ruwa. Da muka fito da kaya na kama gefen jirgi zan taya a ja shi ƙarƙashin darbejiya a kife, yadda yake da. Kawu ya ce na bari. A ruwa zai kwana.

Na fita ina ganin ni zan nuna wa mutanen kogi sabon abu, na dawo na gane a gidanmu malamin yake, wata shida ina yi masa lacca. Na gode wa Allah da ya tsare mu. Na gode wa matan da suka ciyar da mu, da telan da ya ba ni keke, da manomin da ya mayar da hannunsa baya. Har taubashina na gode masa, amma kada ku gaya masa. Teku kuma tana nan, in da rabo wata rana zan gan ta. Yanzu dai an kusa yankan shinkafa, kuma Kawu ya ce labule na biyu da buhu shida za a yi shi, shi zai nuna min inda zan yanka.

To ku fa? Akwai wanda a gidansu yake da tsohon da aka shimfiɗa wa tabarma a tsakiya, aka manta ba a tambaye shi abin da ya sani ba? Ko wanda ya taɓa hawa jirgin labule, a Chadi ko a Yawuri ko a teku? Ku ba ni labari, kuma in kun san sunan labulen na gaskiya ku faɗa min, don na gaji da na taubashina.